Yadda Jirgin Sakkwato Ya Bar Mu a Abuja

Ranar Laraba, ana idar da sallar asuba muka fito da kayanmu ƙofar gida a Umarari, muka tsaya jiran ƙarfe shida ta cika saboda dokar hana fita. Ni da ƙanwar maigidana ne, ita aka haɗa ni da ita rakiya. Ku da kuka yi ta kirana kuna tambayar yadda tafiyar ta kasance, ga shi na zauna na rubuta muku gaba ɗaya, don in na fara faɗa da baki raina ɓaci yake yi, sai in kasa kai ƙarshe.

Sakkwato muka nufa. 'Yata ta fari a can take aure, aiki ne ya kai mijinta. Likitoci sun sa mata ranar Alhamis da safe za a yi mata tiyata a ciro abin da ke cikinta. Da lafiya ake ciki, ita ce za ta zo gida ta haihu a gabana, amma wane miji ne zai turo mai ciki Maiduguri a wannan hali? Ban ga laifinsa ba. A cikinta na farko filin jirginmu a rufe yake, hanyar Damaturu kuwa kullum sai an ji abin da ba a so. Ta yi naƙuda kwana biyu, aka yi mata aiki, yaron bai zo da rai ba, ni kuma ina nan zaune riƙe da waya. Shi ya sa wannan karon na ce mata kafin a tura gadonta cikin ɗakin tiyata sai ta gan ni da idonta. Ban cika yin alkawari ba, amma wannan na yi shi.

Bari in koma baya kaɗan, don a nan ɓarnar ta fara. Mako biyu kafin tafiyar na je shagon wani mai yankan tikitin jirgi a cikin gari, mutumin kirki a baki, ya ba ni kujera, har ruwan sanyi ya sa aka kawo. Na gaya masa komai, har maganar yaron da ya rasu. Na ce ina so in tafi ranar Litinin. Ya daddanna kwamfutarsa ya ce, “Mama, Laraba ta fi sauƙin kuɗi, kuma rana ɗaya za ki yi tafiyarki. Ki karya a Maiduguri, ki yi la'asar a Sakkwato.” Ya ce babu jirgin da ke zuwa Sakkwato daga nan kai tsaye, sai an sauka Abuja an canza. Na ce to in na sauka wa zai miƙa ni? Ya yi dariya ya ce, “Kina sauka ki shiga ɗayan, shi ke nan.” Ya ba ni takardu huɗu, biyu na tafiya, biyu na dawowa, na ƙanwar maigida ma haka. Na duba sunana da ranaku da lokaci, na ga daidai suke. Na lura tambarin da ke saman ta farko ba irin na ta biyu ba ne, amma ban kawo komai a raina ba.

Ga dalilin da ya sa ban kawo komai ba. Shekara da shekaru ina tafiya a mota. In ka biya kuɗin gari mai nisa a tasha, direba ya kai Kano ya ce a nan zai tsaya, shi da kansa zai nemo maka wata mota, ya sa 'yan kamasho su juye kayanka, ya ce wa ɗan uwansa direba ga fasinjana, amana. Ko ya makara a hanya, wuyansa ne. Ba a taɓa ajiye ni a tsakiyar tasha an ce in san yadda zan yi ba. To na ɗauka abin da direban bas ya sani, mai jirgin sama ya fi shi sani.

Shida na cika muka tari keke napep. Daga Umarari zuwa filin jirgi ba wata tafiya ba ce, amma shingen sojoji ya mai da ita tafiya. Da muka doshi Gomari aka ce kowa ya sauko, a buɗe kaya. Akwatina ɗaya da babbar jaka ɗaya. A cikin jakar akwai turaren wuta da humra da na haɗa wa mai jego da hannuna, da busasshen kifi wanda yanzu sai ka san mutane kafin ka same shi. Sojan ya sunkuya ya shaƙi turare da kifi a lokaci ɗaya, ya ɗago yana tari, ya ce mu rufe mu wuce. Ƙanwar maigida ta ce da mun sani kifin za mu riƙa sawa a sama tun tuni.

A filin jirgi aka auna kaya, aka liƙa musu takarda, suka shige. Jirginmu na tara da rabi ne, na Sakkwato kuma ƙarfe ɗaya zai tashi daga Abuja. Muka zauna. Ɗakin cike da ma'aikatan agaji masu jakunkunan goyo, da 'yan kasuwa, da wani dattijo da ake kaiwa asibiti a keken guragu. Tara da rabi ta yi, jirgin da zai ɗauke mu bai ma iso ba. Jiragen yaƙi dai suna ta tashi suna sauka, gilashin tagogi na rawa. Aka yi magana a lasifika da Turanci, kowa ya yi tsaki. Na tashi na je wurin wani ma'aikaci mai sanye da rigar kamfanin, na nuna masa takardata ta biyu, na ce ina da wani jirgin a gaba. Ya kalle ta sama-sama ya ce, “Za ku samu, Hajiya, in sha Allahu.” Ya ga tambarin ba nasu ba ne. Kalma ɗaya da ya ƙara da ta ishe ni, bai ƙara ba.

Sai wajen sha ɗaya muka tashi. Ƙanwar maigida ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ta riƙe gefen lafayata tun daga ƙasa, duk surar da ta sani sai da ta karanta, wasu sau biyu. Da aka raba ɗan kek da ruwa ta ƙi ci, wai ba a cin abinci tsakanin sama da ƙasa, amma ta saka kek ɗin a jaka. Ni ta taga nake kallo. Garuruwan da muka saba wucewa a mota, inda muke sayen gyaɗa da rake, ga su can ƙasa, wasu ba ka ganin hayaƙin girki ko ɗaya.

Sha biyu da minti ashirin muka sauka Abuja. A nan na yi kuskuren da har yau in na tuna sai in ji haushin kaina. Mutane suka yi ta sauri zuwa wurin wani bel mai zagayawa da kaya, mu kuwa muka samu kujera kusa da ƙofa muka zauna, muna jiran a zo a kira 'yan Sakkwato. Har na ga akwati irin nawa yana zagayawa, na ce wa ƙanwar maigida, “Kin ga wani da irin akwatina.” Ta ce ai kasuwa ɗaya ake saya. Muna zaune kamar baƙin da aka ce su jira mai gida, minti yana bin minti.

Wadda ta tashe mu wata 'yar kasuwa ce Inyamura da muke ce wa Madam, mai shagon kayan kicin a kasuwarmu ta Maiduguri, na taɓa sayen kuloli a wurinta. Jirgi ɗaya muka shigo. Ta jawo kayanta za ta fita sai ta gan mu, ta gaishe ni da Barbarci.

“Hajiya, wushe. Me kuke jira a nan?”

Na ce muna jiran a miƙa mu jirgin Sakkwato. Ta karɓi takardun ta duba ta farko, ta duba ta biyu, ta dubi agogo.

“Wa ya yanka miki wannan? Wannan kamfani daban, wannan daban. Babu mai zuwa. Ina kayanku?”

Na nuna mata akwatin da ke zagayawa shi kaɗai da jakar kifi a bayansa. Ta ce, “Tashi, Hajiya, yau gudu za ki yi.”

Na yi gudun da rabona da shi tun ranar da aka yi harbi a bayan unguwarmu. Muka fita waje, muka zagayo, muka sake shiga ta wata ƙofa, aka sake binciken kaya. Da muka isa kantar kamfani na biyu, wata budurwa ce a zaune tana tattara takardu. Ta ce an rufe. Ƙarfe ɗaya saura minti goma, jirgin yana ƙasa bai tashi ba. Madam ta yi mata Turanci, ta yi roƙo, ta yi faɗa, tana juyo mini da abin da ake cewa. Na ce a gaya mata a bar kayan, ni kaɗai a sa ni, ko a tsaye zan tafi, 'yata za a yanka gobe da safe. Budurwar ba ta ɗago ta kalle ni ba. Ta ce doka ce, mun makara, kuma makararmu ba ta shafe su ba tunda ba jirginsu ne ya kawo mu ba.

Muka koma kantar waɗanda suka kawo mu. Wani mutum mai taye ya saurare mu da murmushi, ya ce shi Abuja aka ce ya kawo mu, kuma ga mu a Abuja. Na ce amma kun kawo ni a makare. Ya ce suna ba da haƙuri. Na ce haƙurin zai kai ni Sakkwato? Madam ta fassara masa, ya daina murmushin, ya ce wa na bayana ya matso.

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, kun san ni. A wurin nan ma ban ɗaga ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kowa a cikinsu da gaskiyarsa a takarda. Na farko ya gama aikinsa, na biyu bai gan ni ba, ni ce kawai a tsakiya da jakar kifi. Na kira mai yankan tikiti sau huɗu, a na biyar ya ɗauka ya ce yana masallaci zai kira ni. Bai kira ba.

Madam ce ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da ya kamata in ji tun a shagon nan. Ta ce in tikiti ɗaya ne ya haɗa tafiyar daga farko har ƙarshe, kamfanin ne da alhakin kai ka, ko sun makara sai sun sa ka a wani jirgin. In kuwa kowanne daban aka yanka, kamar mutum biyu ne suka yi tafiya biyu, babu wanda ya san da wani. Ta ce ita in za ta gida ba ta yarda ta haɗa jirgi biyu a rana ɗaya, musamman in na farkon daga Maiduguri zai tashi. Ta makara a nata uzurin saboda mu. Allah Ya saka mata da alheri.

Jirgin Sakkwato na gaba sai gobe ƙarfe ɗaya, tiyata kuma ƙarfe tara. Na ce a kai ni tasha. Surukina ya ce a waya, “Mama, don Allah kada ki hau hanyar nan. Dare zai yi muku a daji, kin san abin da ake yi a wurin. Kada ki sa mu da tashin hankali biyu.” Na fasa, don gaskiya ya faɗa. Aka sake yankar mana tikiti sabo ful, wancan ya tafi a banza, ko sisi ba su mayar ba. Ga filin jirgin komai wuta, shayin da aka kawo mana kofi biyu, kuɗinsa zai ciyar da gidana karin safe. Ƙanwar maigida ta ciro kek ɗin jirgi ta ce yanzu ya halatta tunda a ƙasa muke. Muka kwana a unguwar Lugbe ta Abuja, gidan wata 'yar garinmu da aka yi mana kwatance, ta karɓe mu hannu biyu, ta yi mana burabusko, na kasa ci.

Ranar Alhamis wajen takwas da rabi na safe waya ta yi ƙara. 'Yata ce, Ya take ce mini, wato Mama.

“Ya, sun zo da gadon.”

Na ce ina jinki, ki yi ta salati.

“Ya, kin ce za ki zo.”

Na ce ina hanya, yau ɗin nan zan iso. Ta ce to. Wannan “to” ɗin ya fi mini zagi ciwo. Daga nan aka karɓe wayar. Muka tafi filin jirgi tun tara, muka zauna daf da kanta kamar masu gadi. Goma ta wuce, sha ɗaya ta wuce, ba labari. Na kira surukina, yana ɗauka sai ya ce har yanzu suna ciki. Sai da aka fara kiran 'yan Sakkwato ya bugo ya ce an samu mace, tana da rai, tana kuka, uwar ta zubar da jini da yawa amma an ƙara mata, ta farfaɗo. Na zauna a ƙasa a tsakiyar layi. Mutane suka riƙa zagaye ni suna wucewa.

La'asar ɗin da aka yi mini alkawari a Sakkwato na yi ta, amma ta washegari. Na iske 'yata kwance, leɓenta fari fat. Ta kalle ni ta ce, “Ya, kin rame,” kamar ni ce marar lafiyar. Wata nas mai kimanin shekaruna ta ce mini yarinyar ta yi ta waiwayen ƙofa har aka shiga da ita, sai ita ce ta riƙe mata hannu. Na yi mata godiya da gaske, amma na fita baranda na daɗe kafin in dawo.

Sati shida na yi a Sakkwato, ƙanwar maigida ta riga ni dawowa bayan suna. Mutanen kirki ne, maƙwabta kullum da kwanon fura, furarsu kuwa sai dai mu yi shiru, ta fi tamu. Su ma da suka ji ƙamshin turarenmu suka yi shiru, har layi aka yi ana roƙon ɗan gutsure. Zafin garin ne muka yi ta musu a kai, su ce nasu ya fi, in ce ku zo Maiduguri a watan azumi. Kifin ya yi amfani, farfesunsa ne abin da mai jego ta fara ci da marmari. Jaririya ta yi kumatu, uwar ta miƙe.

Da dawowa ta matso na ce wa surukina ya duba mini takardu biyun da suka rage. Irin wancan ne, awa biyu tsakani. Na ce a gyara. Ya biya aka matso da na farkon baya da kwana ɗaya, na sake kwana a Lugbe. Da na sauka Abuja ni ce ta farko a bakin bel ɗin kaya.

Na iso gida lafiya ranar Asabar, ranar Litinin na shirya na tafi shagon. Yana ganina ya miƙe da fara'a yana barka, ya jawo kujera. Na ce a tsaye zan yi maganata.

“Mama, ƙaddara ce, jirgi ne ya makara. Ni sauƙi na nema miki.”

“Na ce maka ina neman sauƙi? Na gaya maka abin da zai kai ni. Na tambaye ka wa zai miƙa ni, ka yi dariya.”

“Ai babu kamfanin da ke haɗa biyun, Mama.”

“To sai ka ce mini babu. Sai ka bar ni da Litinin ɗina.”

Ya ce in yi haƙuri. Na ce haƙuri kam na karɓe shi a Abuja har ya yi mini yawa. A kan benci akwai wata mata zaune da takardun asibiti a leda, za ta kai mijinta Legas ganin likita. Na zauna kusa da ita, na ce ta tambaye shi a gabana, tikiti ɗaya ne ko biyu? In na farko ya makara wa zai ɗauki alhaki? Kaya su za su juye ko ita? Ya amsa ɗaya bayan ɗaya yana kallon kwamfuta. Nata ma biyu ne. Ta ce a mayar mata da tafiyar baya da kwana biyu.

Abin da na koyo ke nan, kuma da tsada na koye shi. Jirgin sama ba tasha ba ce, babu mai cewa ga fasinjana, amana. In takardunki tambari biyu ne, ke ce direba, ke ce kamasho, ki ɗauko kayanki da kanki ki yi sauri. In abin da za ki je yi ba ya jira, kada ki yarda a haɗa miki jirgi biyu a rana ɗaya, komai sauƙin kuɗin. Kuma kada kunya ta hana ki sake tambaya in an amsa miki da dariya. Ni kunyar ce ta ci ni, na ga mutum da kwamfuta na ɗauka ya fi ni sanin abin da nake bukata.

'Yata ba ta sake tayar da maganar ba, ni ce dai ban huce ba. Na riga na gaya wa maigida, in Allah Ya sake ba ta ciki, yana cika wata bakwai zan tattara in tafi, ya nemi mai dafa masa tun yanzu. Ya buɗe baki zai yi magana, ya kalli fuskata, ya ce Allah Ya kai mu.